Darasin Turanci: Aikatau Mai 'Yar Rakiya da Mazaunin Wakilin Suna

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi waɗansu 'yan ƙananan kalmomi na Turanci, irin su "up", "off", "on", "out", "in", "down" da "over". Babu wadda ta wuce baƙaƙe huɗu a cikinsu, amma Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Idan aka aiko wa iyali saƙo daga asibiti cewa "He has passed out", to, majiyyacin ya suma ne. Idan kuwa aka ce "He has passed away", ya rasu ke nan. Idan sanarwa ta ce "The meeting has been put off", an ɗaga taron zuwa wata rana. Idan ta ce "The meeting has been called off", an soke shi ɗungum. Kun ga ashe abin ba na wasa ba ne.

Ga kuma 'ya'yanmu masu zama jarrabawar WAEC da NECO, waɗanda ƙofar jami'a ba ta buɗe musu sai da kiredit a Turanci. Ga masu rubuta takardar neman aiki, ga masu cika fom a banki da ofisoshi. Dukansu wannan darasi ya shafe su. Domin haka muna roƙon iyaye su karanta shi tare da yara, malamai kuma su kai shi aji.

MENE NE AIKATAU MAI 'YAR RAKIYA?

Aikatau shi ne kalmar da take nuna aiki, kamar ci, sha, tafi, ko a Turanci "give", "look", "put". Sau da yawa Bature yakan haɗa aikatau da wata ƙaramar kalma, su biyun su ba da ma'ana guda. Masana nahawun Turanci suna kiran wannan haɗi "phrasal verb". Mu a nan za mu kira shi aikatau mai 'yar rakiya, ƙaramar kalmar kuwa ita ce 'yar rakiyar.

Wani lokaci ma'anar a fili take. "Sit down" zauna ne, "come back" dawowa ne. Wani lokaci kuma ma'anar takan yi nisa da kalmomin da suka haɗu. "Give" bayarwa ne, "up" sama ne, amma "give up" shi ne a sallama, a daina ƙoƙari. Kada wannan ya ba mu mamaki, gama Hausa ma haka take yi. Wanda ya ci gaba bai tauna kome ba, wanda ya sha wahala bai kurɓi kome ba, wanda kuma ya yi ƙafar ungulu ƙafafunsa irin na mutane ne. Baƙon da yake koyon Hausa dole ya haddace waɗannan a dunƙule. Haka mu ma za mu yi da na Turanci.

Wahalar ba yau ta soma ba. Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamus na Turanci a 1755, ya ambata a gabatarwarsa cewa irin wannan haɗi yana cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙi. Sunan "phrasal verb" kuwa ya bazu ne bayan da Logan Pearsall Smith ya yi amfani da shi a 1925. A 2007 waɗansu masana biyu a Amurka, Dee Gardner da Mark Davies, suka bincika wani babban tarin rubutu da maganganu na Turancin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Suka tarar cewa a kowace kalma 150, mai karatu zai gamu da irin wannan aikatau kamar sau ɗaya. Suka kuma tarar da wani abu mai ƙarfafa zuciya: aikatau 20 kacal, irin su "go", "come", "take", "get", "put", "turn", "look" da "bring", idan suka haɗu da 'yan rakiya 8, su ne fiye da rabin dukan waɗanda aka ƙidaya. Wato gonar tana da faɗi, amma inda aka fi yin noman bai fi ƙarfinmu ba.

HAUSA TANA YIN WANNAN AIKI DA ƘARSHEN KALMA

Kafin mu shiga dokoki, bari mu dubi harshenmu, domin a nan hasken yake. Abin da Bature yake yi da 'yar rakiya, Bahaushe yana yinsa ta sauya ƙarshen aikatau. Wani masani a Landan, F. W. Parsons, ya bayyana wannan tsari a 1960, inda ya kasa aikatau na Hausa gida bakwai. Ga misalai:

Ci da cinye: "eat" da "eat up".
Sha da shanye: "drink" da "drink up".
Saya da saye: "buy" da "buy up".
Fita da fito: "go out" da "come out".
Shiga da shigo: "go in" da "come in".

Ku lura da "up" a misalai uku na farko. Ba ta nufin sama ko kaɗan. Tana nuna an gama aikin ƙaƙaf, ba a bar saura ba, daidai da abin da "cinye" da "shanye" suke nunawa. Wanda ya gane wannan zai gane "use up", wato ƙarar da abu, da "tear up", wato kekketa takarda, da "lock up", wato kulle gida duka.

Akwai abu na biyu. Wakilin suna shi ne kalmar da take tsayawa a madadin suna, kamar shi, ita, su, ko a Turanci "me", "you", "him", "her", "it", "us", "them". A Hausa mukan ce "ya sayi doki", amma "ya saye shi". Mukan ce "na ga Ladi", amma "na gan ta". Ashe harshenmu ma yana yi wa wakilin suna hidima ta musamman: aikatau yana sauya ƙarshensa saboda shi. A Turanci ƙarshen aikatau ba ya sauyawa saboda wakilin suna. Abin da yake sauyawa shi ne mazaunin da wakilin sunan zai zauna a cikin jimla. Wannan shi ne zuciyar darasinmu.

GIDAJE HUƊU

Gida na farko shi ne na waɗanda ba su da karɓau, wato ba wani mutum ko abu da aikin ya faɗa wa. "The lorry broke down", mota ta lalace. "The plane took off", jirgi ya tashi. "She grew up in Jos", a Jos ta girma. Waɗannan ba su da wata rigima, tun da yake babu abin da za a nema wa mazauni.

Gida na biyu shi ne na masu rabuwa. A nan karɓau yana iya zuwa bayan 'yar rakiya, yana kuma iya shiga tsakani. "Turn off the radio" da "Turn the radio off" duka daidai ne.

Gida na uku shi ne na marasa rabuwa. A nan ƙaramar kalmar harafi ce, wato irin "a", "ga" da "da" na Hausa, wadda Turawa suke kira "preposition". Aikin harafi shi ne ya tsaya gaban suna, domin haka ba ya barin kowa ya raba shi da aikatau. Ana cewa "Look after the children", kula da yara. Ba a cewa "Look the children after".

Gida na huɗu shi ne na masu kalma uku, wato aikatau da 'yar rakiya da harafi, kamar "put up with", jure wa, da "look down on", raina.

BABBAR DOKA

Idan aikatau na gida na biyu ne, karɓau kuma wakilin suna ne, to dole ya shiga tsakani. Suna yana da zaɓi biyu, wakilin suna ba shi da zaɓi.

Daidai: Turn it off. Kuskure: Turn off it.
Daidai: I will pick you up at six. Kuskure: I will pick up you at six.
Daidai: Write them down. Kuskure: Write down them.
Daidai: They turned her down. Kuskure: They turned down her.
Daidai: Wake me up. Kuskure: Wake up me.

Me ya sa mai jin Hausa yake yawan tuntuɓe a nan? Dalilin yana cikin harshenmu. Mukan ce "ya fitar da akuya", sa'an nan "ya fitar da ita". Mukan ce "ta dawo da kuɗin", sa'an nan "ta dawo da su". Wakilin suna yana zama daidai inda suna ya tashi, kalmar "da" kuma tana manne da aikatau. Yaro ya saba da wannan tun yana goye, saboda haka idan ya koyi "He took out the goat", sai hankalinsa ya ba shi "He took out it". Tunaninsa bisa tsari yake, sai dai tsarin na Hausa ne. Abin da ake cewa shi ne "He took it out".

Ita ma dokar tana da dalili. Turanci yana son ya ajiye sabon labari da kalmomi masu nauyi a ƙarshen jimla, inda murya take sauka da ƙarfi. Wakilin suna kuwa tsohon labari ne, an riga an san wanda ake nufi, kuma ba shi da nauyi a baki. Domin haka sai a tura shi tsakiya, a bar wa 'yar rakiya ƙarshe. Wannan dalili ɗin ne kuma ya sa karɓau mai tsawo ba ya shiga tsakani. Ana cewa "She turned down the job that her uncle found for her in Kaduna". Idan aka jinkirta "down" har bayan "Kaduna", mai sauraro zai manta da aikatau kafin 'yar rakiyar ta iso.

Dokar ta haɗa da kalmomi irin su "myself", "yourself" da "himself". Ana cewa "The thief gave himself up", ɓarawo ya miƙa kansa. Amma "something", "everything" da "everybody" suna da sauƙi, suna iya zama ko'ina cikin mazaunan biyu: "Pick something up" ko "Pick up something".

A gida na uku kuwa dokar juyawa take yi. Wakilin suna yana bin bayan harafi, kamar yadda suna yake yi.

Look after them. Kula da su.
I am looking for it. Ina nemansa.
She takes after him. Ta yi kama da shi, ko ta gaji halinsa.
We came across it. Mun yi kiciɓis da shi.
He will get over it. Zai warware daga abin.

Ku tuna kuma, bayan harafi siffar karɓau ake sa wa. Ana cewa "She looked after him and me". Ba a cewa "he and I" a wannan wuri, ko da yake waɗansu suna tsammani hakan ya fi nuna ilimi.

YADDA ZA MU BAMBANTA 'YAR RAKIYA DA HARAFI

Tambayar da mai hankali zai yi ita ce, yaya zan san wanda yake rabuwa da wanda ba ya rabuwa? Ga hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko, a san halin kalmomin. Waɗansu kullum haruffa ne, ba sa rabuwa: "at", "for", "from", "into", "of", "to", "with", "against". Domin haka "look at it", "wait for me", "deal with them", "listen to her", "run into him". Waɗansu kuma kullum 'yan rakiya ne: "away", "back", "aside", "apart", "together". Domin haka "throw it away", "bring them back", "put it aside". Masu wuyar su ne masu fuska biyu: "on", "off", "in", "up", "down", "over", "through". Su ne jemagu, yau tsuntsu gobe dabba.

Hanya ta biyu, a gwada matsar da ƙaramar kalmar zuwa bayan suna. "He put on his cap" yana iya zama "He put his cap on". Tun da ya yarda, to da wakilin suna sai a ce "He put it on". Amma "He relies on his brother" ba ya zama "He relies his brother on". Tun da ya ƙi, sai a ce "He relies on him".

Hanya ta uku, a saurari murya. 'Yar rakiya tana ɗaukar nauyin murya, harafi kuwa yawanci a sassauce ake faɗinsa. A "turn it on" ƙarfin yana kan "on". A "look at it" ƙarfin yana kan "look".

Hanya ta huɗu, a gwada cusa kalmar bayani a tsakani. Ana iya cewa "He looked carefully at the letter", amma ba a cewa "He turned quickly off the light". Harafi yana yarda da wannan, 'yar rakiya ba ta yarda.

Idan duk waɗannan suka gagara, matambayi ba ya ɓata. Ƙamus nagari na masu koyo yana nuna wannan a fili. Idan ya rubuta "turn something off", da "something" a tsakiya, mai rabuwa ne. Idan ya rubuta "look after somebody", da "somebody" a ƙarshe, marar rabuwa ne. Yawancinmu mukan karanta ma'ana mu rufe littafi, alhali rabin amsar tana cikin yadda aka jera kalmomin.

INDA MAZAUNI YAKE SAUYA MA'ANA

Kama da wane ba ta wane. Akwai inda kalmomin suke iri ɗaya sak, amma mazaunin wakilin suna ya raba ma'anarsu.

"I will see him through" yana nufin zan tsaya masa har ya fita daga wahalarsa. "I can see through him" yana nufin na gano ruɗinsa, ba zai yaudare ni ba. Na farko alkawarin aboki ne, na biyu zargi ne.

"He turned it on" yana nufin ya kunna shi. "The dog turned on him" yana nufin karen ya juya ya far masa.

"She got over it" yana nufin ta warware daga ciwo ko baƙin ciki. "She wants to get it over with" yana nufin tana so ta yi abin nan marar daɗi ta huta.

"He ran up the hill" hawa tudu ne da gudu, da wakilin suna kuma "He ran up it". Amma "He ran up a big debt" tara bashi ne, da wakilin suna kuma "He ran it up".

MASU KALMA UKU

Waɗannan ba su da wuya idan aka riƙe abu ɗaya: kalmar ƙarshe harafi ce, domin haka karɓau, suna ne ko wakilin suna, yana zuwa bayan kalmomin uku.

I cannot put up with it. Ba zan iya jure masa ba.
We have run out of it. Ya ƙare mana.
Do not look down on them. Kada ku raina su.
The children look up to her. Yara suna girmama ta, suna koyi da ita.
He got away with it. Ya yi laifin ya sha.
She gets on well with us. Tana zaman lafiya da mu.

Akwai kaɗan da suke ɗaukar karɓau biyu. A nan dokokin biyu suna aiki tare, na farko ya shiga tsakani, na biyu ya bi harafi. "Give it back to her", mayar mata da shi. "Do not take it out on me", kada ka huce a kaina. "We talked him out of it", mun lallashe shi ya fasa.

Wajibi ne mu tsaya a kan "look forward to", domin kusan kowace takardar neman aiki da ita ake rufewa. Wannan "to" harafi ne, kuma aikatau da ya bi harafi yana ɗaukar "ing". Daidai shi ne "I look forward to hearing from you". Wanda ya rubuta "I look forward to hear from you" ya yi kuskure a layin ƙarshe, wurin da idon mai ɗaukar aiki ya fi tsayawa. Dokar ɗaya ce a "He gave up smoking", "She kept on asking" da "They put off paying".

IDAN ƘARAMAR KALMA TA ZO ƘARSHE

A cikin tambaya, da kuma jimlar da ba a ambaci mai aikin ba, ƙaramar kalmar takan rage ita kaɗai a ƙarshe. Ɗalibai sukan ji tsoro su yar da ita, jimlar kuwa ta gurgunce. Ana cewa "What are you looking for?", "Who did you give it to?", "The orphans are well looked after", "The matter has been dealt with". Idan aka cire "for" daga tambayar farko, babu sauran nema a cikinta.

Waɗansu an koya musu cewa haramun ne jimla ta ƙare da harafi. Asalin wannan ra'ayi ana danganta shi da marubucin Ingila John Dryden, wanda ya soki irin wannan tsari a 1672, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka auna Turanci da mudun Latin, harshen da ba ya barin harafi a ƙarshe. Masana nahawu na yau ba su ɗauke shi doka ba. Gaskiya ne a rubutu mai nauyi ana iya cewa "the man on whom we rely". Amma 'yar rakiya ba ta matsawa gaba ko kusa. Ba mai cewa "the light off which he turned".

ABUBUWAN DA MUKA SABA JI A ƘASARMU

Kurakuranmu iri uku ne. Akwai yar da aikatau a riƙe 'yar rakiya, kamar "Off the light" da "On the fan". Daidai shi ne "Switch off the light", "Switch it off", "Turn on the fan", "Turn it on".

Akwai ƙara kalma inda ba a bukata. Ana cewa "discuss the matter", ban da "about". Ana cewa "request a transfer", ban da "for". Ana cewa "emphasise the point", ban da "on". Ana cewa "cope with the work", ban da "up". "Return" kuma ba ya bukatar "back", gama komawar tana cikinsa.

Akwai kuma rage kalma ko musanya ta. "Reply me" ya kamata ya zama "Reply to me". Fom kuwa "Fill it in" ake cewa a Ingila, "Fill it out" a Amurka. Rufe taro shi ne "round off". "Round up" tattaro mutane ne ko dabbobi, kamar yadda 'yan sanda suke yi wa waɗanda ake zargi. Shugaban taro da ya ce zai yi "round up" ya faɗi abin da bai nufa ba. A wajen abin hawa kuma, "get on" da "get off" na bas ne da jirgi da babur, "get into" da "get out of" na ƙaramar mota ne.

Ba muna cewa Turancin Nijeriya abin kunya ba ne. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 daga Turancin ƙasarmu, cikinsu har da "flag off", wato ƙaddamar da aiki, da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Harshe na masu magana da shi ne. Sai dai mai maka takardar jarrabawa yana bin ma'auninsa, baƙo daga wata ƙasa kuma zai ɗauka "She put to bed" kwantar da yaro ne aka fara faɗa ba a ƙarasa ba. Mai hikima yana sanin rigar da ta dace da kowane taro.

NA BAKI DA NA TAKARDA

Bayan da Normawa daga Faransa suka ci Ingila a 1066, dubban kalmomin Faransanci da Latin suka kwarara cikin Turanci. Shi ya sa sau da yawa abu ɗaya yana da suna biyu: "put off" da "postpone", "find out" da "discover", "put up with" da "tolerate", "go on" da "continue", "leave out" da "omit". Abin sha'awa shi ne Latin ma tana da 'yan rakiya, sai dai a gaba take manna su. "Exclude" daga "ex", wato waje, da "claudere", wato rufewa, daidai da "shut out".

Masu 'yar rakiya sun fi yawa a hira, na Latin sun fi yawa a takardun hukuma. Amma kada a ɗauka duk mai 'yar rakiya na kasuwa ne. "Carry out", "set up", "point out" da "bring about" suna shiga kowace irin takarda. Wanda kuma ya guje su baki ɗaya, ya ce wa ƙaninsa "Extinguish the lamp" maimakon "Put it out", zai zama abin dariya.

SHAWARA

Da yayyafi kogi kan cika. Kada ku haddace dogon jeri a dare ɗaya. Ku samu ɗan littafi, ku riƙa rubuta uku a rana. Kowane ɗaya ku rubuta shi sau biyu, da suna da kuma wakilin suna: "put on the shirt", "put it on". Ku faɗe shi da murya har kunne ya saba, domin idan kunne ya saba, shi zai tsawata wa baki kafin ya yi kuskure.

AIKIN GIDA

Ku sauya sunan da yake cikin kowace jimla da wakilin suna.

1. Take off your shoes.
2. We are waiting for Bitrus.
3. They called off the match.
4. Talatu looks after her grandmother.
5. I cannot put up with the noise.
6. Hand in your papers.
7. The police are looking into the matter.
8. Give the book back to Maryamu.

Ku gwada da kanku kafin ku dubi amsoshin.

Amsoshi: 1. Take them off. 2. We are waiting for him. 3. They called it off. 4. Talatu looks after her. 5. I cannot put up with it. 6. Hand them in. 7. The police are looking into it. 8. Give it back to her.

Wanda ya samu bakwai ko takwas, ya koya wa maƙwabcinsa. Wanda ya samu ƙasa da biyar, kada ya karaya, ya koma kan babbar doka da hanyoyin nan huɗu ya sake gwadawa gobe. Sannu ba ta hana zuwa. Mu huta lafiya.